Kamun Kifin Sunuk a Gaɓar Tekun Florida

Shirin na yau zai yi bayani a kan kamun wani kifi na gaɓar tekun nahiyar Amurka, wanda mutanen jihar Florida ke kira sunuk, mutanen Meziko da Barazil kuma suke kira robalo, masana kimiyya kuwa suka ba wa nau'insa da ya fi shahara sunan Centropomus undecimalis. Dangin wannan kifi sun kai nau'i goma sha biyu, shida a gefen tekun Atlantika, shida a gefen tekun Fasifik, kuma dukkansu a ruwayen nahiyar Amurka kaɗai ake samunsu, don haka masuncin Legas ko na Dakar ba zai taɓa cin karo da shi a ragarsa ba. Nau'in da ake magana a kansa yana zaune ne daga kudancin ƙasar Amurka, ya bi Tekun Meziko da tsibiran Karibiyan, har ya dangana da kudancin Barazil, amma babu inda aka yi nazarinsa, aka kuma kafa masa dokoki masu tsauri, kamar Florida, shi ya sa yawancin bayanin zai tsaya a can.

Duk da nisan wurin, kifin yana da alaƙa da wanda Hausawa suka sani sarai, wato giwan ruwa na Tafkin Chadi da kogin Kwara, domin masana sun daɗe suna lissafa su a gida ɗaya kafin daga baya a ware giwan ruwa da 'yan uwansa a ba su gidansu daban. Wanda ya san giwan ruwa zai gane kamannin da zarar ya ga sunuk: goshi mai gangara, baki mai faɗi, muƙamuƙin ƙasa da ya zarce na sama, da jiki mai ƙyallin azurfa. Abin da ya bambanta sunuk shi ne wani baƙin layi da ya taso daga bayan kansa ya miƙe har cikin wutsiya, wanda a cikinsa akwai gaɓoɓin da kifin ke jin motsin ruwa da su ko da duhu ya hana shi gani. A girma kuwa bai kama ƙafar giwan ruwa ba, domin mafi nauyi a wannan nau'i da aka tabbatar an kama da ƙugiya, wanda aka samu a Parismina ta ƙasar Kosta Rika a shekarar 1978, bai wuce kilo 24 da 'yan kai ba, kuma yawancin waɗanda ake kamawa ba su kai rabin haka ba.

Idan aka ce ruwan gaɓa, ana nufin ruwan da ke kusa da tudu, marar zurfi sosai, wanda ya haɗa da bakunan koguna, da tafkunan da tsibiran yashi suka raba da babban teku, da ƙananan rafukan da ke cika su janye tare da teku. A irin waɗannan wurare ruwan daɗi na kogi yake gauraya da ruwan gishiri ya zama ruwan zartsi, kuma sunuk yana cikin kifayen da ke iya zama a dukkan ukun, ta yadda kifi ɗaya zai iya kwana a bakin teku a watan Yuni, a same shi can cikin kogi a watan Janairu. 'Ya'yansa suna tasowa ne a rafuka masu laka, a ƙarƙashin itatuwan mangurof, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri suna tsaye a kan saiwoyi masu kama da ƙafafu, irin waɗanda suka cika yankin Neja Delta. Saiwoyin nan su ne mafakar ƙananan kifaye daga manya, su ne kuma wurin kwanton-ɓaunar manyan, saboda haka duk wuraren da suka yi suna wajen kamun sunuk, kamar Tampa Bay, da Charlotte Harbor, da tsibiran da ke gefen fadamar Everglades, da dogon tafkin Indian River a gabas, wurare ne da mangurof ya yi musu ƙawanya.

Babban ilimin wannan sana'a yana ga sanin tafiyar ruwa, kuma wanda bai san shi ba kayan aikinsa ba za su amfane shi da komai ba. Teku yana cikowa yana janyewa saboda jan da wata da rana ke yi masa, a mafi yawan gaɓar Atlantika sau biyu a cikin kwana ɗaya, kuma cikowar ta fi ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika. Duk sa'ad da teku ya ciko, ruwa yana kutsawa ta mashigai, wato ƙananan ƙofofin da ke tsakanin tsibiran yashi, ya cika tafkuna da rafuka; idan ya juya zai janye kuma, sai ya kwaso jatan lande da ƙaguwa da ƙananan kifaye ya fito da su ta waɗannan ƙofofi. Sunuk ba mai yawon farauta ba ne: yakan laɓe a bayan ginshiƙin gada, ko dutse, ko saiwar itace, inda ƙarfin ruwan ya karye, ya juya kansa ya fuskanci inda ruwan ke fitowa, ya jira abinci ya iso gare shi, sa'an nan ya buɗe baki farat ɗaya ya zuƙe shi tare da ruwan da ke kewaye da shi, da wata ƙara mai kama da tafi wadda masu kamun dare ke jiyowa daga nesa. Wannan ɗabi'a ce ta sa ƙwararren masunci yake duba jadawalin cikowar teku kafin ya duba agogo, yake kuma jefa ƙugiyarsa sama da inda yake zaton kifin yake, ya bar ruwa ya gangaro da ita kamar abin da ya kuɓuce. Abin da ya taho yana saɓa wa ruwa, ko ya doso kifin ta baya, yakan sa shi tsarguwa ya ƙi ci, domin a sabonsa ƙaramin kifi ba ya bin babba. Idan ruwa ya tsaya cak tsakanin cikowa da janyewa, cin kifin yakan ragu ƙwarai, sai masunta su yi amfani da wannan tazara su sake wuri ko su gyara kaya.

Dare yana da nasa tsarin. A garuruwan gaɓa, fitilun gadoji da na matsayar jiragen ruwa suna haska ruwan da ke ƙarƙashinsu, hasken yana tara ƙananan halittu, su kuma su jawo jatan lande da 'yan kifaye, sunuk kuwa sai ya jeru a daidai iyakar haske da duhu, jikinsa a cikin inuwa, idonsa a kan hasken. Mai kamu yakan kashe injin jirginsa tun daga nesa, ya guji buga wani abu a ƙasan jirgi, saboda ƙara tana tafiya cikin ruwa fiye da yadda take tafiya a iska, kuma kifin da ya saba da mutane ya riga ya koyi abin da take nufi. A watannin zafi akan ga sunuk yana bin gefen rairayin bakin teku cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, har mai tafiya a ƙasa ya hango shi ya jefa masa, a watannin Satumba da Oktoba kuma, lokacin da garken kifin da ake kira malet ke gangarowa kudu ta gaɓar Atlantika, mashigai irin su Sebastian da Jupiter sukan cika da masu kamu dare da rana.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai sandar fatsa mai tsawon mita biyu ko fiye kaɗan, da na'urar naɗe zare a gindinta, da siririn zare saƙaƙƙe mai ƙarfi. Abin da ba a wasa da shi shi ne guntun zare mai kauri, marar launi, wanda ake ƙullawa tsakanin babban zaren da ƙugiya, domin leɓɓan sunuk suna da kaushi mai cin zare a hankali, ƙashin da ke rufe gaɓar numfashinsa kuma yana da kaifi mai yanke zare, har da hannun wanda ya riƙe kifin da ganganci. A nan akwai ciniki tsakanin abu biyu, saboda zare mai kauri ya fi jure gogayya amma kifi ya fi ganinsa a ruwa mai haske, siriri kuma ya fi jawo ci amma ya fi saurin tsinkewa, don haka akan rage kauri da rana a rairayi, a ƙara shi da dare a gindin gada. Ƙoto, wato abincin da ake maƙalawa a ƙugiya, ya fi kyau ya kasance mai rai, jatan lande ko ƙaramin kifi, kuma masunta da yawa suna fara yininsu da jefa birgi tun da asuba don su tara shi. Wasu kuwa sun fi son ƙoton ƙarya, wanda ake yi da roba ko katako ko gashi da dalma a kansa, kuma aiki da shi ya fi neman gwaninta, tunda hannun mai kamu ne zai ba shi motsin abu mai rai.

Da zarar ƙugiya ta kama, kifin yakan yi tsalle yana girgiza kai don ya tofar da ita, idan hakan bai yi ba sai ya nufi ginshiƙi ko saiwa mafi kusa, inda ƙananan halittu masu ɓawo mai kaifi suka manne, ya goga zaren ya yanke. A daƙiƙun farko ake cin nasara ko a yi asara, domin dole mai kamu ya juyo da kan kifin kafin ya kai maɓoyarsa.

Abin da ya fi komai muhimmanci game da sunuk, wanda kuma dokokin kamunsa suka ginu a kai, shi ne yadda yake hayayyafa. Wannan kifi yana fara rayuwarsa ne a matsayin namiji, sa'an nan da yawa daga cikinsu su rikiɗa su zama mata bayan sun girma, galibi tsakanin shekara ɗaya da shekara bakwai, abin da masu bincike na jihar Florida suka tabbatar ta hanyar duba gaɓoɓin haihuwar kifayen da aka kama da kuma waɗanda aka tsare aka bibiyi girmansu. Ma'anar wannan ita ce ƙananan kifaye kusan duk maza ne, manya kuwa mafi yawansu mata ne, kuma gwargwadon girman mace gwargwadon yawan ƙwan da take zubawa, har babba takan zuba fiye da ƙwai miliyan ɗaya a tashi guda, ta kuma maimaita sau da yawa a cikin kaka ɗaya. Zubar ƙwan tana gudana ne daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a tsakiyar lokacin zafi, kuma kifayen kan taru da yawa a mashigai da bakin teku, saboda ƙwan yana buƙatar ruwa mai gishiri sosai kafin ya yi iyo a sama, ruwa kuma ya kwashi 'ya'yan ya shigar da su rafuka. Duk masuncin da ya bi son zuciyar da aka sani, wato ya zaɓi mafi girma ya kai gida, to uwayen garke yake ɗebewa, kuma idan aka yi haka a daidai mashigar da suka taru, ɓarnar mako guda za ta iya shafar kifin shekaru masu zuwa.

Florida ta haramta sayar da sunuk tun a shekarar 1957, ta mayar da shi kifin da ake kamawa don nishaɗi da cin gida kawai, saboda haka ba a samun sunuk ɗin jihar a kasuwa ko a gidan abinci ta hanyar halal. Abin mamaki shi ne a da can mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, domin idan aka dafa shi da fatarsa yakan yi ɗanɗanon sabulu, sai da aka gane a feɗe fatar tukuna naman ya samu darajar da yake da ita yanzu. A shekarar 1994 masu zaɓe a jihar suka amince da gyaran tsarin mulki da ya hana amfani da kalli, wato ragar da ke sarƙe kifi ta wuya, a ruwayen jihar, dokar kuma ta fara aiki a watan Yulin 1995. A yau Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Florida ce ke tsara kamun, kuma sharuɗɗanta sun haɗa da cewa da ƙugiya kaɗai za a kama shi, sai an sayi izini na musamman ban da lasisin kamun kifi, kuma mutum ɗaya kifi ɗaya zai ɗauka a rana. Mafi hikima a cikinsu shi ne ƙa'idar tsawo mai iyaka biyu: ba a ɗaukar kifin da bai kai inci 28 ba, kimanin santimita 71, ba a kuma ɗaukar wanda ya wuce inci 32 a gefen Atlantika ko inci 33 a gefen Tekun Meziko. Iyakar ƙasa tana ba kifi damar ya hayayyafa kafin a ci shi, iyakar sama kuwa tana kare manyan mata, kuma ita ce mutane suka fi jin zafinta, tunda tana nufin duk wanda ya yi sa'ar kamun da zai yi alfahari da shi dole ya mayar da shi ruwa. Ana rufe ɗauka gaba ɗaya sau biyu a shekara, a watannin zubar ƙwai da kuma tsakiyar sanyi, kuma daga farkon 2024 hukumar ta raba jihar zuwa yankuna tara don a iya tsaurara wa yanki ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Jihar Texas ma tana da irin wannan ƙa'ida, tsakanin inci 24 da 28. A Meziko kuwa lamarin ya sha bamban, domin a jihohin Veracruz da Tabasco da Campeche robalo kifin kasuwa ne mai tsada wanda gidaje da yawa ke ci daga gare shi, don haka hana sayarwa irin ta Florida ba abu ne da za a ɗauko a ɗora musu kai tsaye ba.

Tunda fiye da kashi 90 cikin 100 na sunuk ɗin da ake kamawa a Florida ana sakinsu ne, yadda ake sakin ya zama rabin sana'ar. Ana son a yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama gefen baki maimakon ta wuce cikin ciki, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifin don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta, a tallafe shi a kwance da hannu biyu, kada a rataye babba ta muƙamuƙi, domin nauyinsa yana iya lahanta bakin da yake zuƙar abinci da shi. Idan ya galabaita akan riƙe shi cikin ruwa, kansa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa, har ya farfaɗo ya fizge da kansa. Nazarin da aka yi a jihar ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin ɗari ne ke mutuwa bayan saki, adadin da yake ƙarami a baki, amma idan aka auna shi da yawan kifin da ake saki a shekara ya zama mai yawa. Ga kuma kifin shak da dolfin, waɗanda suka koyi jira a gefen jirage su cafke wanda aka saki a gajiye. A nan dokar ta bar wata ƙofa, domin ko a watannin rufewa an yarda a kama a saki, har a mashigan da kifin ke zubar ƙwai, kuma da wuya a ce jan uwa mai ciki da ƙugiya a ruwa mai zafi, a ɗaga ta don hoto, bai rage mata komai ba. Mai hankali idan ya ga shak ya fara zagaye sai ya naɗe zarensa ya sake wuri, ko da doka ba ta tilasta masa ba.

Sanyi ya fi ƙugiya kisa. Sunuk kifin ƙasashen zafi ne, Florida kuma tana bakin iyakar arewa ta mazauninsa, saboda haka idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salsiyas sai ya daina ci ya yi sanyi, idan ya ƙara sauka da 'yan digirori ya daɗe a haka sai ya kife ya mutu. Wannan ne ya sa yake shiga koguna da ramuka masu zurfi a lokacin hunturu, yake kuma taruwa a inda maɓuɓɓugai ko tashoshin wutar lantarki ke fitar da ruwa mai ɗumi. A watan Janairun 2010 an yi wani sanyi da ya ɗauki kwanaki a jere, gawarwakin sunuk suka cika rafuka, musamman a kudu maso yammacin jihar, hukumar ta rufe ɗauka nan take, kuma ba a sake buɗe gefen Tekun Meziko ba sai a ranar 1 ga Satumba, 2013. Kifin ya farfaɗo a cikin 'yan shekaru, kuma farfaɗowar ta dogara ne a kan manyan matan da suka tsira. A ɗaya ɓangaren, raguwar tsananin hunturu a shekarun baya-bayan nan ta sa sunuk da mangurof suna matsawa arewa, har ana samun kifin da yawa a yankin Cedar Key da bakin kogin Suwannee, inda a da ba kasafai ake ganinsa ba.

Saura matsalar da ta fi ƙarfin ma'aunin inci. A shekarar 2018 annobar jan ruwa, wato yaɗuwar wata ƙwayar halitta mai guba da ake kira Karenia brevis wadda ke rina teku ta kashe kifi, ta mamaye kudu maso yammacin Florida, har aka sake hana ɗaukar sunuk a yankin na wasu shekaru. Ruwan da ake sakowa daga Tafkin Okeechobee ta kogin Caloosahatchee a yamma da kogin St. Lucie a gabas yana ɗauke da ragowar takin gonaki, yana kuma sauya gishirin bakunan kogunan bagatatan, a tafkin Indian River kuma ciyawar ƙarƙashin ruwa, wadda abincin sunuk ke rayuwa a cikinta, ta mutu a wurare masu faɗi tun daga 2011. Kafin a kafa dokar kare mangurof ta 1996 an riga an sare da yawa an gina gidaje da katangun siminti a gurbinsu. Cibiyar binciken teku ta Mote da ke Sarasota ta daɗe tana ƙyanƙyasar sunuk tana sakinsu a rafuka, aiki ne mai amfani ga bincike, amma kifin da aka ƙyanƙyashe ma sai ya samu rafin da zai girma a ciki. Masu kamu a Florida sun riga sun karɓi nasu kason na takura, kifi ɗaya a rana da watannin rufewa da mayar da babba ruwa, don haka nauyin da ya rage yana wuyan masu gine-gine a gaɓa, da manyan gonaki, da hukumomin da ke riƙe da ƙofofin madatsun ruwa.